Rikodar da Ta Yi wa Baba Amshi

Mahaifina mawaƙin noma ne. Kafin a ba mu mulkin kai, duk gayyar da za a yi daga Bagudo har fadamun Kaoje, shi ake aika wa goro. Daga baya 'yan amshinsa suka watse, ɗaya ya rasu, sauran suka bi fatauci. Baba ya daina fita, ya ce ba zai tsaya tsakiyar gona yana waƙa shi kaɗai ba.

Lokacin ina koyarwa a firamare. Wani abokina direba ya gaya mini cewa a hayin iyaka, ƙasar da muke kira Dahomey, akwai mai sayar da rikoda irin ta zaren tef. Da aka yi hutu na bi shi.

Rikoda biyu mai shagon ya ajiye mini. Ɗaya ƙatuwa mai sheƙi, muryarta tas, amma sai da lantarki, mu kuwa ba mu da shi. Kuma in ka sake naɗi, sai ta goge na farko. Ɗayar ta sha hannu, murfinta ma da igiya aka ɗaure. Ya ce wannan batirin mota ya ishe ta, kuma layi-layi take naɗi: ka ɗauki murya a layi ɗaya, ka mayar da zaren baya, kana jin ta a kunne ka ɗora wata a layi na biyu.

Sai da na gwada. Na yi sallama, na mayar da zare, na amsa wa kaina. Abokina ya yi ta dariya, amma ya nace in ɗauki babbar don a san na ƙetare iyaka. Tsohuwar na ɗauko.

Baba ya dube ta a zaure, ya ce, "Malam, mi akwatin ga zai yi min?"

Na ce, "Baba, ku dai yi waƙar."

Kukan jaki ya ɓata mana naɗin farko. Muka toshe ƙofa da barguna, Baba ya sake waƙar. Na sa masa abin ji a kunne, na ce ya amsa wa mutumin da ke ciki. Ya kama amshi daidai wurin da ya kamata. A layi na uku ya buga ganga.

Da na kunna duka tare, inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu, tana tambayar yaushe baƙi suka iso da ba a kai musu ruwa ba.

Da damina ta kama, muka ɗora rikodar a jaki zuwa gayyar shinkafa. Na kashe layin farko, Baba ya yi waƙa da bakinsa, akwatin na amsa masa. Kafin hantsi manoman sun kama amshin, har sun danne muryar akwatin. Na kashe ta gaba ɗaya, na tuɓe rigar makaranta, na karɓi fartanya na shiga sahu.