Ledar da na ɗaure a silin ɗin Yaya Rabi

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayata Rabi, amma har yau in na ji ƙamshin turaren wuta sai na ɗaga kai ina duban silin.

Duk matar da ta yi aure a Sabo, nan Ibadan, a wancan lokacin ta san turaren Yaya Rabi. A ɗakinta take haɗawa, kuma ba ta sayar da kwalba sai ta gwada a kasko. Mijinta ɗan kasuwar goro ne, kullum yana hanyar Arewa. Ganin garwashi ba ya mutuwa a ɗakin ya sa ya sayo wata 'yar farar na'ura mai batir, wadda ke ƙara in ta ji hayaƙi, ya kafa a silin. Yaya ta raɗa mata suna Sarkin Tsegumi, don da ta zuba turare sai ta tara mata maƙwabta. Tana mita, amma ba ta taɓa cire ta ba. Sai dai ta buɗe taga ta yi ta fifita da mayafi.

Ni ce mai wayo. Ranar sunan jikarta, ɗaki ya cika da mata, abin ya hana mu jin maganar juna. Na jawo turmi na hau, na ɗaure masa baƙar leda, mata suka yi mini guɗa. Na ce in an watse zan kwance. Ban kwance ba.

Bayan wata uku, Yaya ta kishingiɗa bayan azahar. Aka kawo wutar lantarki da ƙarfi, wayar wutar ta kama a bayan labule. Wutar ba ta ko taɓa jikinta ba, hayaƙi ne ya yi ajalinta. Na san kwana ne ya ƙare. Amma da na shiga ɗakin na ga ledar tana nan, da ƙullin da na yi da hannuna.

Yau gidaje da yawa a unguwar suna da na'urar. Da Yaya za ta gani, na san dariya za ta fara yi, sannan ta tambaya ko nawa ne a ciki ke da batir mai rai. Ni dai duk Juma'a sai na danna maɓallin tawa na ji ta yi ƙara, kaskona kuma ya koma tsakar gida. Duk da haka hankalina bai kwanta ba.

Makon jiya na je unguwar Ojoo wurin 'yata Hauwa, amarya ce. Gida sai ƙamshi yake. Na ɗaga kai, sai ga na'urar da na saka mata cikin kayan ɗaki an naɗe ta da ɗankwali.

"Umma, don Allah ki bar ta, wahalarta ta yi yawa," in ji ta. "Ko turare ba ta bari na yi."

Na hau kujera na kwance ɗankwalin. Take ta fasa ƙara, na bar ta tana yi. Sannan na zaunar da Hauwa na faɗa mata abin da na ɓoye mata shekara shida, wato wanda ya ɗaure ledar nan.

Turaren Yaya ya ƙare a kwalabe tuni. Abin da ya rage mini nata shi ne haƙurin buɗe taga. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe mini. Hauwa ta yi kuka, ta ɗauki kaskonta da kanta ta fita da shi waje.