Katin Inna Da Ya Ɗauko Ciwon Maƙwabciya

A lokacin da wannan abu ya faru ni tela ce a Unguwar Hajji ta Karaye, ina goyon ɗana na biyu, kuma ina ji da kaina cewa a duk gidanmu ni ce wayayya, don kawai na gama sakandare kuma ina iya karanta takardar magani. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Rogo Ruma. Tsohuwa ce siririya mai kazar-kazar, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ba ta taɓa iya cewa a'a ba. Turminta, rariyarta da babbar tukunyarta sun fi kwana a gidajen maƙwabta a kan nata gidan. Mukan yi mata tsiya cewa wata rana sai an zo aron ɗakinta ta koma kwana a zaure.

Yanar ido ce ta fara rufe mata gani. Da farko ta ce hayaƙin suya ne, har sai da ta kai tana tsince gyaɗa da laluben hannu, tana zuba ruɓaɓɓiya cikin mai kyau. Da ta zo mini wankan jego ta yi arba'in a ɗakina, ita ke wanke jaririn safe da yamma, amma na lura da yatsu take bin fuskarsa. Wata rana ta tambaye ni wa ya ɗauko a kamanni, sai na ji zuciyata ta karye. Na yi wa kaina alkawari sai Inna ta ga yaron nan da idonta.

Asibitin da muke zuwa ya daina amfani da tulin fayil, an koma kwamfuta. Ka miƙa katinka, a buga lambarsa, duk abin da aka taɓa yi maka ya fito, daga ɗakin likita zuwa ɗakin gwajin jini har wurin karɓar magani. Likitan ido ya duba Inna ya ce aikin mai sauƙi ne. Da ya juya kan kwamfuta kuwa sai fuskarsa ta canza. Ya ce an rubuta tana da ciwon suga mai tsanani, an ɗora ta a kan magani, kuma ta daina zuwa ganin likitanta. Ya tambaye ta ko haka ne. Inna kuwa a duniyarta ba a yi wa likita musu, sai ta sunkuyar da kai ta ce to. An gwada jininta a ranar aka ga lafiya lau, amma ya ce wataƙila sauran maganin ne ke aiki, ba zai taɓa idon ba sai masu kula da suga sun tabbatar ciwon ya kwanta. Aka sabunta mata ƙwayoyi muka dawo.

A nan ne nake jin kunyar kaina. Tun a mota na hau Inna da faɗa, na ce ta ɓoye mana ciwo, ga shi ta ja wa kanta makanta. Ta rantse ba ta san da wani suga ba, ni kuwa na ce kwamfuta ba ta ƙarya. Na riƙe ta a Karaye, na hana ta shayi mai zaƙi da fura, na tsaya a kanta kullum sai ta haɗiye ƙwayar. Ba a jima ba ta fara rawar jiki da zufa. Wata hantsi ina kan keken ɗinki na ji faɗuwa a tsakar gida, na fito na tarar da ita a ƙasa, jikinta sharkaf, bakinta ba ya fita. Tsoron da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

A asibiti suka ce suganta ne ya yi ƙasa sosai, suka sa mata ruwa ta farfaɗo. Likitar da ta karɓe mu mace ce mai natsuwa, ta daɗe tana kallon kwamfuta tana kallon Inna. Sai ta sa aka ɗora ta a sikeli, ta ce nauyin da aka rubuta a zuwan baya ya kusa ninka wannan, ko Inna ta yi wata muguwar rama ne? Na ce tun da na buɗe ido haka na san ta, kamar sillen kara. Na roƙe ta ta karanto mini ranakun da aka ce Inna ta zo. Tana karantowa na ji ɗaya ta faɗo a makon sunan ɗana. Na dafe tebur na ce wallahi a wannan makon Inna ko ƙofar gidana ba ta leƙa ba, tana can tana dafa mini ruwan wanka da kunun kanwa. Likitar ta ce to lallai wata ce ta zo da katin.

Muka juya kan Inna. Tana murza bakin mayafinta ta ce ita dai ta san ta bar katin a wani gida kafin ta taho jego, amma ba za ta tona asirin kowa ba. Wai matar gidan ba ta da lafiya, ba ta da kati, ga layin yankar sabo, ga maigidanta ya tafi cin rani, shi ne Inna ta ce ta riƙe nata ta je da shi. A saninta kati ai na shiga ƙofa ne, kamar yadda ake yi a da, a duba ka a ba ka magani a manta da kai. Ba ta san yanzu akwai abin da ba ya mantuwa ba. Likitar ta yi mana bayani cewa ba za a goge komai da baki kawai ba, sai mai ciwon ta zo an tantance wane gwaji ne na wa. Ta ƙara da cewa duk wadda ke da wannan sakamakon, in ba ta shan magani, tana cikin hatsari.

Wannan maganar ce ta buɗe bakin Inna. Ta ce ai Gwaggo ce ta gidan bayanmu, wata dattijuwa mai jiki wadda ta goya ni ina ƙarama. Washegari na sa ɗa a baya na hau mota zuwa Rogo Ruma. Na tarar da Gwaggo a kan tabarma ta miƙe ƙafa, da wani gyambo a ɗan yatsa da ya ƙi warkewa. Ashe tun da ta mayar wa Inna kati maganinta ya ƙare, kunya ta hana ta sake aro. Bayan mun gaisa na tambayi jiki da mutanen gida, na faɗa mata komai. Ta fara kuka tana cewa za a kama ta, kuma ta kusa kashe aminiyarta. Na ce Gwaggo babu mai kama ki, amma idon Inna yana hannunki, ƙafarki kuma tana hannun likita, ki tashi mu tafi. Ta ce sai maigidanta ya dawo. Na kira shi a waya a gabanta, na ce ba zan bar gidan ba sai da ita, ya ce mu je Allah ya ba da lafiya.

Rabon bayanan nan ya ci mu wahala. Mun yi ta yawo tsakanin ofishin masu kati da ɗakin gwaji, yau a ce wutar lantarki, gobe a ce mai izinin gyarawa bai zo ba. Ni kuwa na ajiye ɗinkin mutane na zama 'yar gida a asibitin, har masu gadi suka san kukan ɗana. A ƙarshe aka yanka wa Gwaggo katinta, aka ɗauki hotonta, aka kwashe gwaje-gwajen suga aka mayar ƙarƙashin lambarta, aka fara wanke mata ƙafa. Aka sake gwada Inna ba tare da ƙwaya a jikinta ba, aka ga ba ta da komai. Da muka koma wurin likitan ido ya buga lambar, ya yi murmushi ya ba mu rana.

Ranar da aka cire mata bandeji ina tsaye da yaron a hannu. Ta ƙifta ido, ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da ta fara faɗa shi ne ashe haka na yi ƙiba ba wanda ya gaya mata. Sai ta miƙo hannu ta karɓi jikanta, ta daɗe tana kallonsa ba ta taɓa fuskarsa da yatsa ba, ta ce kunnuwan nan na marigayi Malam ne, mahaifina. Na zauna a bakin gadon na yi kuka son raina, na kuma nemi gafararta a kan faɗan da na yi mata. Gwaggo ma ƙafarta ta warke ba a yanke komai ba.

Abin da na koya shi ne kwamfutar asibiti abin da aka gaya mata take riƙewa, kuma rubutun da ya kusa cutar da Inna shi ne ya wanke ta da aka karanta shi da kyau. Ina roƙon 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a ƙauye, ku gaya musu katin asibiti ba ya cikin kayan aro, kuma in likita ya karanto ciwon da ba ku san da shi ba, ku tambaya cikin ladabi kafin a kai ga haɗiyar magani. Inna dai har gobe turminta yana yawo a unguwa. Amma in wata ta zo aron kati, sai ta yafa mayafi ta ce ta taso ta raka ta a yanka mata nata, ai yanzu tana ganin hanya.