Yaya Idi da Gatarin Aradu

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka binne yayana Idi a Madina, kuma har yau in na tuna abin da danginmu suka yi masa raina ɓaci yake.

Direban katafila ne, a shekarun da ake sare gonakin dabinon unguwar Ƙurban ana kafa benaye. Wata rana yana haƙa tushen gini ya tono tsohuwar magudanar ruwa ta baƙin dutse, da dutsen niƙa, da wasu duwatsu masu santsi kamar kan gatari. Ɗan kwangila ya ce a rufe maza kada hukuma ta ji a tsayar da aiki. Yaya ya rufe, amma ya zuba ƙananan a aljihu.

Da ya baje su a tabarma, Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu wanda ya girma a ƙasar Hausa, ya yi tsalle ya koma gefe.

"Gatarin aradu ne! Tsawa ke jefo shi, bokaye ke ajiye shi. A garin Manzo, Idi? Haram alaik!"

"Kawu, duba gurbin yatsa," in ji Yaya. "Manomi ne ya riƙe shi, kamar kakanninmu."

Ya ƙi zubarwa. Taurin kai kam yana da shi, ni ƙanwarsa na sani. Kafin Juma'a magana ta gama unguwa. Yaya da ke jan salla in liman ba ya nan ya koma sahun baya, aka daina sa hannu a kwanonsa. Da bangon gini ya faɗo masa ya rasu, sai aka ce aradu ce ta zo karɓar kayanta. Aradu, a tsakiyar bazarar Madina, ba ko ɗigon ruwa! Ba a share makoki ba Kawu ya kwashe duwatsun ya watsa a juji.

Yau irinsu na cikin gilashi a gidan tarihi, da fitila a kansu, jikokin masu zaginsa suna ɗaukar hoto. Me Yaya zai ce? Ina jin dariya zai yi, don bai iya riƙo ba. Ni na iya. Ba wanda ya tako ya ce mun zalunce shi.

Duwatsun sun tafi. Abin da ya rage shi ne 'yarsa Hajara, wadda ta girma ana kiranta 'yar mai aradu. Bara muka je gidan tarihin, ni da ita da ɗanta. Ya tsaya gaban gilashin ya tambaya da Larabci, su wa ke tono irin waɗannan?

Na zuba mata ido, ina jiran ta faɗi sunan ubanta. Ta waiga ta ga ko akwai ɗan unguwarmu a kusa, ta ja hannun ɗanta.

"Ban sani ba," ta ce. "Mu je."