Sabon Angon Kaka

A gidanmu, can wani ƙauye gefen Bagwai, tatsuniya ba kyauta ba ce. In damina ta matso, Kaka Dije, wadda ta haifi babanmu, takan zube gyaɗar iri a tabarma bayan magariba, kusa da murhun da aka sauke tuwo. Mai ɓara shi ke ji. Hannunka ya tsaya, bakinta ya tsaya, sauran yara su bi ka da harara. Ƙwayoyin da suka fashe ba sa yin iri, don haka sai ta tura su cikin toka mai zafi, ta ba wanda ke zaune a damanta. Ni ne a damanta. Duk cikin jikokinta maza ni take kira Angona, ni kuwa na ɗauki abin da gaske.

Sai aka kawo Haladu hutu, ɗan baffana daga unguwar Bacirawa a birni. Sa'ana ne, amma ya san gidan kallo, ni kuwa ban taɓa leƙawa ba. Ranar farko ya katse Kaka, wai shi ma yana da labari, na wani jarumi mai mayafi da ke tashi sama. Na gyara zama ina jiran ta gwasale shi. Sai ta ce, "Bisimilla, ɗan birni."

Labarin ba kai ba gindi. Jarumin ya mutu, ya dawo, ga wani irinsa daga wata duniya, bos ɗin, wato mugun fim ɗin, wansa ne, can kuma ba wansa ba ne.

"Tsaya," in ji Kaka. "Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu, Kaka, amma ba a nan ba."

"To me aka yi masa yake ta rushe gidajen mutane?"

Haladu ya sosa ƙeya. Abin da ya riƙe dai, ana tsakiyar faɗa jarumin ya hau saman bene ya yi dogon jawabi cewa mutane su so juna. Kaka ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ce, "Yau na yi sabon ango." Ta tono gyaɗata daga toka ta zuba masa a hannu. Wallahi ji na yi kamar an zuba min garwashin a riga.

Washegari na tarar da shi a wurina. Na koma can ƙarshen tabarma ina ɓara da mugunta, ina fasa iri da gangan. Kaka kuwa ta ɗauko mutumin Haladu ta saka a tatsuniya.

Wai kura ce ta addabi wani gari, sai ga mai mayafi ya diro daga sama ya shaƙe ta. Da ya ga jama'a sun taru, sai ya ce bari ya ɗan yi musu nasiha. Ya fara da zumunci, ya shiga haƙuri, ya gangaro kan tsaftar rijiya. Magana ta yi daɗi, yana son nuni da hannu, sai ya saki kura. Tana jan awaki ɗaya bayan ɗaya, mutane suna gani, amma kunya ta hana su katse baƙo. Da ta ƙoshi sai ta dawo ta zauna a sahun baya, ta fi kowa gyaɗa kai.

Yara suka yi ta birgima. Ni na cije leɓe, don in na yi dariya Haladu ya ci. Wata ƙanwata ta ce, "Kaka, me labarin yake nufi?" Ta ce, "In na faɗa miki ai na saki kurar. Ɓara gyaɗarki."

Yanzu ina da 'ya'ya, suna kallon masu mayafin nan a wayata. Nakan zauna da su, in ga an rushe rabin gari ban san dalili ba, sannan kiɗa ya yi sanyi jarumi ya juyo yana koya min zaman duniya. A nan nake gane abin da Kaka ta ƙi yi mana. Ta yarda muna da hankali, shi ya sa ba ta taɓa tsayar da labari don ta yi mana wa'azi ba.

Amma ba zan ɓoye ba, har yau abin yana ci na. Ni na zauna da tsohuwar nan har ta koma ga Allah, ni na haddace tatsuniyoyinta kaf. Ina ba yarana, suna hamma. Guda ɗaya ce ke sa su ajiye waya, kuma ba sa ce mata ta Kaka, balle tawa. Ƙaramarsu takan ja min riga ta ce, "Baba, yi mana ta Baffa Haladu."