Jinin Jibirilla

Har yau idan na ji wani a unguwarmu New Bell ya ce Allah ya jiƙan Jibirilla sai raina ya ɓaci, don na san bakin da ke wannan addu'ar shi ne ya tofa masa yawu yana da rai. Ban cire kaina ba. Sunana Mahmudu, tela ne ni a kasuwar Marché Congo, kuma ƙofata ce ta ƙarshe da aka rufe masa.

Jibirilla ɗan dako ne. A nan Duwala aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina da fataucin goro ya zauna. Yana saurayi ya yi shekara biyu a dajin gabas yana ɗora gungumen katako a mota, ya dawo ya sayi pus-pus, amalanken ƙarfen nan da ake tura dilar atamfa da shi. Ƙato ne, ga yawan dariya, ga haƙori ɗaya a karye. Matarsa ta rasu da wuri, bai sake aure ba.

Abin da ya sa duk unguwa ta san shi kuwa jininsa ne. A shekarun da tattalin arziki ya durƙushe, idan marar lafiya na bukatar jini sai asibiti su ce a kawo ɗan uwa ya bayar. Mu kuma Hausawan New Bell muna da wani iyayi: ba ma son a ɗura wa namu jinin mashayi, ko na mai cin alade da naman daji. Jinin mai salla muke so. Jinin Jibirilla irin wanda ke shiga jikin kowa ne, sai ya zama rijiyar unguwa. A aika masa, ya jingine pus-pus ya tafi. Ba ya karɓar komai, sai dai a haɗa masa shayi mai kauri da burodi. Duk zuwa sai an gwada jinin, kuma kullum takarda ta ce lafiya lau.

A shekarar casa'in da ɗaya, lokacin da ake rufe gari ana ƙona tayoyi a titi, matata Fatsuma ta kama naƙuda da rana tsaka, jini ya ɓalle mata. Ko tasi ɗaya babu. Jibirilla ne ya shimfiɗa tabarma a pus-pus, muka kwantar da ita, ya tura ta cikin hayaƙi har asibiti, sannan ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa. Jaririn bai zo da rai ba, amma Fatsuma ta tashi. Tun daga ranar Yaya take ce masa.

Shekara uku bayan haka ya je ba wani jini, sai Iyatu ta ja shi gefe. Iyatu 'yar unguwarmu ce da ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin. Ta gaya masa an kawo sabon kayan gwaji, kuma ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ciwon sida, wato ƙanjamau. Ya ce to takardun baya fa? Ta ce ƙwayar nan dangi gare ta kamar mutane, kaka ɗaya amma fuska daban-daban. Tsohon gwajin fuskar da ta fi yawa a duniya ya sani. Tasa wata ce da ba ta da yawa, a Kamaru aka fi ganinta, shi ya sa take wucewa ba a gane ta ba. Ba wanda zai iya cewa tun yaushe take jikinsa.

Da wani ne, da ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma Iyatu ba za ta faɗa ba. Shi kuwa sai ya zauna ya tuno duk waɗanda ya ba jini, mutum tara. Ya roƙi Iyatu ta zo ƙofar gidan Malam Ɗantani, dattijon unguwa, ta yi wa mazan gidajen nan bayani. Ina wurin, bayan la'asar. Ta yi bayani dalla-dalla, har aka tambaye ta daga ina cutar ta fito. Ita kuma da gaskiyarta ta ce masu bincike sun sami danginta a jikin birai iri-iri, ba ita ce sak ba amma kamar ta yi yawa, suna ganin daga can ta tsallako wa mutane tun da daɗewa.

Daga nan ba wanda ya ƙara jin komai. Malam Ɗantani ya gyara zama ya ce, "'Yata, mu ba ma cin biri."

Iyatu ta ce, "Baba, ba maganar ci ba ce. Yanzu daga mutum zuwa mutum take tafiya. C'est le sang, Baba, jini ne."

Ina! An riga an yanke hukunci. Tunda cutar birai ce, to ta masu cin naman daji ce. Tunda Jibirilla ya kamu, to ya ci a ɓoye sa'ad da yake dajin gabas. Tunda kuma zunubinsa ne, a kansa zai tsaya, ba zai taɓa bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Dattawa masu furfura suka zauna suka ɗinka wannan shirmen, ni kuma ina gyaɗa kai, don ya fi mini daɗi a kan gaskiya.

Kafin mako ya zagayo ba mai ba shi dako. Mutanen da jininsa ke yawo a jikin 'ya'yansu su ne suka fara matsawa daga sahun salla idan ya tsaya kusa da su. Wanda a da yake aika masa gaisuwa da tuwo ya koma cewa dama shi bai taɓa yarda da shi ba. Jibirilla bai yi zuciya ba. Ya shiga bin gidajen nan tara ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon a je a yi sabon gwajin. Gida biyu kawai suka saurare shi.

Gidana ya bari a ƙarshe. Fatsuma na da ciki wata bakwai, cikin da muka yi shekara uku muna roƙon Allah. Ya zo da hantsi ya yi sallama, na fito na tare ƙofa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce Iyatu ta ce idan an gwada Fatsuma aka sami abin, to kada ta ba da nono, a ba jaririn madara, wataƙila ya tsira. Raina ya yi baƙi ƙirin, amma ba fushi ba ne, tsoro ne. A unguwarmu idan mai jego ta ɗauki bulumbotin madara maimakon nono, kowa sai ya tambayi dalili, kuma na ga abin da aka yi wa wanda ya faɗi dalilinsa.

Na ce, "Matata ba ta taɓa cin biri ba."

Ya ce, "Ni ma ban taɓa ci ba, Mahmudu. Ka zage ni yadda kake so, amma ka kai ta."

Na rufe ƙofar. Da na shiga Fatsuma ta tambayi wane ne, na ce mai neman ɗinkinsa ne.

Jibirilla ya rasu a daminar da ta biyo. Mutum bakwai suka kai shi makabarta, ba na cikinsu. A lokacin 'yarmu Nana Hadiza na kan nono, ɓul-ɓul da ita, ina kallonta ina ce wa kaina ai ga shi, ƙarya ne. Tana shekara ɗaya da rabi ta fara gudawa da tari, ta shiga zubewa. Sai a sannan na kwashe su muka je wurin Iyatu, kaina a sunkuye. Ta gwada mu duka uku. Fatsuma na da ita, yarinyar na da ita. Ni da na rufe ƙofa, ni kaɗai na fita lafiya.

Na tambayi Iyatu, da ba a ba ta nono ba, da ta tsira? Ta ce Allah ne masani, wasu tun a haihuwa suke ɗauka, amma da yawa suna tsira. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar da muka binne Nana Hadiza, bayan masu gaisuwa sun watse, na sami Fatsuma zaune a bakin gado tana linke kayan yarinyar. Na buɗe baki zan gaya mata abin da na ɓoye shekara biyu, sai ta riga ni, ba tare da ta ɗago ba.

"Na ji muryar Yaya ranar, Malam. Na ji duk abin da ya ce. Jira nake ka shigo ka ce in ɗauko mayafina."