Ƙullutun da ke Cikin Inna

Tun kafin Nasara su shigo Damargu aka yi wannan. Ni ce 'yar fari wurin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ko ciwon kai ba ta gaya mini. Kunya, wai. Kunyar nan damina biyu ta ci mana.

Ranar da na gane ba ta da lafiya, muna sussukar hatsi. Ta zaga bayan rumbu ta daɗe, na bi sawunta. Inda ta tura rairayi ta rufe, na tone da ƙafa. Jini ne baƙi, gauraye da majina.

"Inna, tun yaushe?"

Turmi ta kalla ta ce, "A gaya wa waccan basir ne."

Basir! Ta sha sabara, ta sha jiƙo iri-iri, zane na ta zamewa daga ƙugunta. Rannan na danne ta ina shafa mata man shanu, sai na ji wani ƙullutu a hagu, ƙasa da cibiya, da tauri kamar goriba.

Na ɗora ta a jaki ran kasuwa, sai wurin wani tsohon wanzami. Ya taɓa, ya janye hannu.

"Baba, tsaga ka fitar."

"Ke 'yar nan, rago kika kawo mini? Askata iyakarta fata. In na buɗe ciki, wa zai rufe?"

"Ni. Ina ɗinkin ƙwarya."

"Uwar taki ƙwarya ce?"

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Na fizgi aska daga zabirarsa, na durƙusa, na ɗora bakin askar kan ƙullutun. Inna ta riƙe hannuna ta ce wa wanzamin, "Malam, karɓi abinka."

Ƙaho kawai ya yi mata, ya zuƙe ɗan jinin da ya rage. Kafin ruwan fari ya sauka, kashi ya daina fita, ciki ya kumbura, sai amai. Kwana tara, sannan ta cika.

Sai da na tsufa na ji wani likita a Damagaram yana cewa irin ciwon Inna, ciwon daji ne na hanji: in an gano da wuri, a yanke wurin, a haɗa hanjin, mutum ya tashi ya ci tuwo. Na ce masa, da na tsaga ran nan fa? Ya ce da a kasuwar za ta mutu.

Na ce, "Likita, da an gama wahalar kafin la'asar ke nan."