Ranar Da Goggo Ta Sauya Marubuci

Ko zan manta da komai na zamana a Jidda, ban da ranar da Goggo ta tsige ni daga rubuta mata wasiƙa. Ƙanwar mahaifina ce, ta zo Umra ta yi zamanta, tana sayar da masa a unguwar Bani Malik. Ni kuwa Turanci nake koyarwa, muna haya ɗaya a Sharafiyya da wani abokin aikina.

Abokin nan digiri na uku yake yi, aikinsa tara tsofaffin wasiƙun Ingila na ɗaruruwan shekaru. Sai ya kwafe kowace a kwamfuta, ya nuna ko mai ita namiji ne ko mace, basarake ne ko ɗan kasuwa ko bara, don a ga yadda Turancinsu ya bambanta. Wasiƙun mata ne ke ba shi ciwon kai. Da yawansu ba su iya rubutu ba, faɗa suke yi wani ya rubuta, ya kuma gyara. Kullum ƙorafinsa, "To muryar wa zan ce wannan?" Ni kuwa mai tonon kabarin Turawa nake kiransa.

Duk Juma'a nake zuwa in rubuta wa Goggo wasiƙa zuwa ga 'yarta a gida, kuma ina ji da aikin. In ta yi faɗa in mayar da shi nasiha, in ta sako Larabci in share. Wata Juma'a zazzaɓi ya kwantar da ni, ga mai kai saƙo zai tashi, sai abokina ya je a madadina. Duk abin da ya fito daga bakinta ya zuba a takarda, har tsakin bai bari ba.

Da amsa ta iso, ni na karanta mata. 'Yar ta ce ta sha kuka, don wannan karon kamar Innarta ce zaune gabanta. Goggo ta dube ni.

"Kai, da can me kake rubuta mata?"

Na fara kame-kame.

"Halas, shi ke nan, ɗan nan, ka huta. Juma'a ka turo mini Malam."

Malam! Mutumin da ni na nuna masa hanyar gidan. Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Ina ji ina gani yake dawowa da masa mai zafi a leda, har da ce mini bisimilla. Ba na ci, sai in ce na ƙoshi alhali cikina na ƙugi.

Bayan rasuwar Goggo na je gida hutu. 'Yar ta ɗauko wasiƙun da take karantawa idan kewa ta taso mata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu rubutun hannuna a ciki. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu, amma na ɗauki darasi: wanda ya ba ka maganarsa ka isar, amana ya ba ka, bai ce ka yi mata kwalliya ba.